Kafin In Sa Hannu a Takardar Ingila

Gwandu, Maris 1956

Zuwa ga Lauratu, hasken idona, farin wata bisa fadamar Kalgo, ruwan randa ga wanda ya sha rana!

Ko allin aji ban wanke daga hannuna ba. An zaɓe ni! Za a aika ni Ingila kwas ɗin malanta na shekara guda. Amma wane daɗi zan ji, alhali Gwaggonki Albarka ta rantse miki sanyin can yana kashe zuciyar namiji, ya dawo bai san kowa ba?

Kin tuna ranar da Baturen likitan nan na Birnin Kebbi ya ba ni dunƙulen ƙanƙara daga akwatin sanyinsa mai shan kananzir? Don kada wani abu ya same ta, sai na naɗe ta a tsumma na cusa ta cikin riga daidai ƙirjina, na tako keke zuwa gare ki. Ni da ake kira malam! Na iso jiƙe sharkaf, ba abin nunawa sai tsumma, kika yi dariya har kika dafa bangon zaure. Wannan dariyar har yau tana bi na cikin aji.

Jiya na kai wa likitan maganar Gwaggo. Lauratu, ji ikon Allah! Ya gaya mini a ƙasarsu Ingila tafki kan daskare har a taka shi, kifi kuwa yana ƙasa da ransa, yana jiran ɗumi ya dawo. Ya ce likitocinsu kan ɗauki siririyar fatar gaban ido daga mamacin da ya yi wasiyya, su ajiye ta cikin sanyi 'yan kwanaki, su ɗinka wa makaho, ya ga fuskar 'ya'yansa! Ashe sanyi ajiya yake yi! Wanda ya tsare ganin wani har ya kai ga mabuƙaci, zuciyar da take taki tun farko ce za ta gagare shi?

Ranar Alhamis ake son amsata, ban kuwa sa hannu ba. Ki gaya wa Baffanki Atiku ko za ki jira ni, zai shigo Gwandu Laraba ya kawo mini amsarki. In kin ce a'a, zan mayar da takardar in zauna da ɗalibaina, ba kuma za ki taɓa jin gori daga bakina ba. In kin ce e, iyayena za su zo sa rana kafin in taka jirgi.

Amma ki ce e, kurciyata! Roƙonki nake, ki ce e!

Naki, a Gwandu ko a bayan teku, har ƙarshen numfashi,
Basharu