Littafin Ɗalibata Cike da "Wataƙila"

Anti, don Allah ki taimake ni, hankalina ya ƙi kwanciya. Shekara bakwai na yi a ɗakin gwaji ina binciken ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya. A can aka hore ni kada in kuskura in ce "haka ne" sai na gwada sau uku. Ina gama digiri na uku jami'a ta miƙo mini alli da ɗalibai ɗari biyu, sabbin shiga. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake koyarwa, ko na yini guda.

Sai na shiga aji da halin ɗakin gwaji. Duk abin da na faɗa sai na bi shi da "wataƙila" ko "ba a tabbatar ba tukuna". Ni a ganina amanar ilimi nake riƙewa. Bayan wata huɗu aka yi jarrabawa, rabin ajin suka faɗi, har da wata mai goyo da ke zama a layin gaba, wadda ta dawo karatu bayan shekara goma. Ta manta littafinta a kan benci, na buɗe. Anti, shafi bayan shafi "wataƙila" ce, a ƙarshe ta rubuta cewa in Malama ma ba ta sani ba, ita ina za ta sani. Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa za a sallame ta. Na yi kuka har na gaji. Takardar ajiye aiki tana cikin jakata. In miƙa?

Mai Farar Riga

Ƙanwata, yaga takardar nan. Wasiƙarki ta sosa mini rai, amma tafiyarki ba za ta ci wa baiwar Allah nan jarrabawa ba.

Jami'a ta yi sakaci da ta jefa ki aji ba horo. Ke ma kina da naki: wata huɗu kina kallon fuskokinsu, ba ki tambaya ko suna fahimta ba. Taka-tsantsan ɗinki abin yabo ne, sai dai sabon shiga yana bukatar wurin tsayawa kafin a koya masa shakka. Fara da abin da aka tabbatar, ki faɗe shi da ƙarfin murya. Ki nemi tsohon malamin da ɗalibai ke cika ajinsa, ki zauna a baya ki saurara, ba abin kunya ba ne.

Sannan ki nemo mai goyon nan tun kafin jarrabawa. Ki kai ta ɗakin gwaji ta leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu, ta ga ƙwayoyin da idonta. Ki mayar mata da littafinta hannu da hannu, ki gaya mata kin sani, koyarwar ce ba ki iya ba, kuma kin fara koyo.

Allah Ya dafa muku, ke da ita.