Kwana Ashirin Ban Sha Taba Ba

Daura, daren Laraba

Yau kwanana ashirin ban sha taba ba, amma makon nan na sha wuya. Barci yana kayar da ni a kan keken ɗinki, miyau yana zuba, har na ɓata shaddar wani mutumin Mai'adua. Inna ta tsorata, ta ɗauka ciwon ƙwaƙwalwata ne zai tashi, muryoyin da nake ji a da su dawo. Yaya Sani kuwa cewa ya yi, "Koma wa tabarka, da ita ka fi lafiya."

Da safe na je asibiti. Likita ya ce, "Malam Habu, hayaƙin taba yana sa maganin ƙwaƙwalwar da kake sha saurin fita daga jiki. Da ka daina, sai maganin ya yi maka yawa." Ya rage mini, ya ce kada in kuskura in rage da kaina, in dawo bayan mako biyu.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "To gobe ka tashi da wuri, aikin mutane yana jiranka." Rabon da ta yi mini magana kamar mai lafiya har na manta.