Gezar Bayan Dutse Ta Cinye Maganin Masu Jego

Zuwa ga mai girma Mushe, shugaban masu gadin daji na yankinmu.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ni ce Tsahara ungozoma, daga wani ƙauye kusa da Allakaye. Ban iya rubutu ba, limaminmu ya rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Na ɗaya. Bayan dutsenmu akwai dajin geza da sabara. Tun kakanni kashi biyar anka raba shi. Kowace shekara a sare kashi guda, a bar kututture, damina ta zo ya yi toho. Da gezar muke saƙa rumbu. Inda anka sare, rana na sauka ƙasa, sai yaɗiya da filasko da nonon kurciya da gamba su fito. Nan nake samun abin da nake ba masu jego.

Na biyu. Shekara uku bayan samun mulkin kai, mutanenka sunka hana sara. Yau damina biyar ke nan. Geza ta haɗe kai, ko akuya ba ta ratsa ta. Ƙarƙashinta babu komai sai busasshen ganye. Daga nesa daji ya yi kyau, na sani. Ranka ya daɗe, a duƙa a duba ƙasa.

Na uku. Bayan girbin bara, Dije, matar wani makiyayi, ta haihu, nono bai zo ba. Na shiga inda na saba tsinka, ban samu ko kara guda ba. Wuni na yi ina yawo cikin fadama, na komo da abin da bai cika tafin hannu ba. Ɗiyar ta kwana tara ta koma. Rai na Allah ne, ban ce kowa ya kashe ta ba. Amma hannu wofi na tsaya gaban uwarta.

Na huɗu. Maigidana Illo ya je ya sassabe ɗan wuri don ganye ya samu rana. Mutanenka sunka karɓe gatarinsa gaban jama'a. Maigari ya ce abin ya fi ƙarfinsa.

Roƙona, a turo mutum guda ya bi ni mu shiga dajin. A bar mu mu sare kashi ɗaya bana, ku tsaya ku gani. A mayar wa tsoho gatarinsa.

Mata uku ke da ciki a ƙauyenmu, ta farko watan haihuwarta ya tsaya. Ban san abin da zan dafa mata ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka ji kukan talaka.

Wassalam.

Tsahara ungozoma