Umma Ta Ci Ƙwallo

Yaya,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Albishirinka, wasanka ya daina sandarewa!

Da safe Umma ta ce ta gaji da ganin ka kana haɗe rai, wai abokanka za su cire ka daga gasar yau saboda intanet ɗinmu ba ya sauri. Muka bi waya, ashe akwatin waifai ɗin ya faɗa bayan firji, ga bango ga ƙarfe. Muka ciro shi muka ɗora a kan kantar falo, kusa da na'urar wasan. Na kashe na kunna.

Zan gwada ke nan Umma ta ƙwace abin dannawar. "Wanne ne na bugawa?" Na nuna mata. Wallahi Yaya, sai da ta zura wa wani bawan Allah ƙwallo! Ta yi ihu har maƙwabciya ta leƙo, kai kuwa ko motsi.

Don Allah kar ka matsar da akwatin. Allah ya ba ka sa'a.

Amma ka gama da wuri. Umma ta ce kai take nema yanzu.

Auta