Inda Kwano Huɗu Suka Tafi

Assalamu alaikum warahmatullah. Sa'adiyya autata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Akure, ya bautar ƙasar, ya ruwan nan da kika ce ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare min ke, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo min da ke lafiya. Mu nan Roni alhamdulillahi, ƙafar nan tawa ce dai yau ta tashi gobe ta kwanta. Yayanki Kashim ya kira daga Kano ranar Juma'a, matarsa ta kusa sauka, ki sa ta a addu'a. Kawu ya gama yankan gero, ya ce bana an gode Allah. Kin ce saƙon murya ba ya buɗe miki, to ga shi na zauna ina dannawa da yatsa ɗaya, ki yi haƙuri da tsawonsa.

Maganar waken nan ce. Ban manta abin da kuka yanke ke da Kashim ba, cewa in uwar kuɗin da kika tara min daga alawus ɗinki ta ƙara raguwa a wannan buhun, in bar sana'ar, in kulle gida in koma wajensa. Ban yi musu ba, guminki ne. Amma kin san ɗakin da zai ba ni a bene yake, ban san kowa a layin ba, kuma gidan nan ne inda babanku ya bar ni, Allah ya jiƙansa.

Wallahi duk abin da kika koya min ina yi. Uwar kuɗi tana gwangwaninta ba na taɓawa, ko biki ne ko suna. Littafin nan, abin da ya shigo a dama, abin da ya fita a hagu, har kuɗin mota da na dako. Waken da zan dafa ma sai na auna na biya, ni da wakena, ni kaɗai a tsakar gida ina miƙa wa gwangwani kuɗi ina dariya. Da na ga ina mantuwa sai na samo tsakuwa, duk kwano ɗaya da na sayar in jefa ɗaya a kofi, rabin kwano kuma ƙwallon dabino. Kin ce buhu kwano arba'in ne. Mun saya dubu ɗari da takwas, mota dubu biyu, ina sayar da kwano dubu uku, kin ce ribar dubu goma za ta fito. To buhun da ya wuce ya ƙare na juye kofi na ƙirga, talatin da shida. Na sake ƙirgawa har sau uku. Ba riba, kuɗin motar ma a jikin uwa ya fita.

Da farko mai waken na zarga, Allah ya yafe min. Da Kawu ya kawo sabon buhu daga Kazaure na sa shi ya auna a gabana, arba'in cif har da ɗan ɗori. Na ce ɓera ne, na duba buhu ko huda babu. Asma'u matar malamin firamare ce ta gano, ta shigo tsefe kai ta wuni tana kallona. Da la'asar ta ce Inna, ai ɓeran naki mai yatsu biyar ne. Ta ce yawanci rabin kwano ake saya, kowace in na auna mata sai na cika hannu biyu na yi mata gyara. Wannan ma da sauƙi. Ta ce wadda ta biya ta tafi gyara ɗaya take samu, wadda kuwa ta zauna a tabarma muka yi hira, in ta miƙe sai na ce tsaya, in ƙara zuba mata wani a leda. Zubaida mai koko, da ta fi kowa daɗewa, sau uku na zuba mata. Sa'adiyya wallahi ban san ina yi ba. Hannun ne yake tafiya.

Sai na daure na daina. Kwana tara ina auna kwano daidai, ba ko ƙwaya a kai. Ba wadda ta yi min faɗa fa. Zubaida ce kawai ta leƙa leda ta ce yau kuma wa ya yi wa kwanon aski, muka yi dariya, ta ce ta bar wuta a murhu, ta fita. Daga nan kowa sai ta biya a tsaye, a gaisa, ta wuce. Ban ce don wake suke zama ba, mutanen kirki ne. Ina jin gani suka yi kamar na sauya musu fuska, sai suka ji nauyin zama. Lissafi ya yi kyau sosai, tsakuwa da kuɗi da littafi duk bakinsu ɗaya, da kin gani da kin ji daɗi. Amma tabarmar nan in na shimfiɗa da safe, haka nake naɗe ta da yamma ba wadda ta hau. Akwai ranar da na lura tun asuba ban yi wata magana ba sai dubu ɗaya da ɗari biyar, sai na gode. Na zuba abinci na kasa ci. Na ce to ashe ban je Kano ba Kanon ta zo ta same ni.

Ga abin da na yi, ki duba min. Na auna kwano biyu na zuba a ƙwarya daban, na ce wannan na gyara ne, daga cikinsa kawai zan riƙa ɗiba, da ƙaramin gwangwanin tumatir ba da hannu ba. In ya ƙare ya ƙare sai wani buhun. Asma'u ta buga min lissafin a wayarta, ta ce talatin da takwas ɗin za su kawo dubu ɗari da sha huɗu, a cire uwa a cire mota, dubu huɗu ta rage. Na san ba goman da kika so ba ce. Amma kuɗinki ba za su ragu ba ko naira, kuma abin da kuka ce ke nan, in sun ragu in tafi. Jiya Zubaida ta zauna har kiran azahar, ta ba ni labarin rigimar akuyar su Mamuda tun daga farko.

Kwano biyun nan na rubuta su a hagu, amma ban san sunan da zan sa musu ba. In a karatunku akwai sunansu ki faɗa min. In babu, ki bari in sa su a layin kuɗin maganina. Kuma ke za ki faɗa wa Kashim, ke yake jin maganarki, ki ce ya bar wa mai jego ɗakin nan.

Kawu yana gaishe ki, da Gwaggo Fatu ta Babura, da Asma'u. Ki gaida abokiyar ɗakinki Halimatussa'adiyya, ki ce na gode da take kula min da ke. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci. Allah ya yi miki albarka.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna Bintu, Roni