Ɗanyen Zanen Etelka

Kremnica, farkon Nuwamba

Zuwa ga 'yata Jarmilka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Radim da yaran, da duk 'yan tsanan da kike sassaƙa wa gidan wasan nan naku na Plzeň. Ni ina nan, tsufa yana ta cin kasuwarsa a gwiwoyina. Kada ki ce me ya hana ni bugo waya. Ba na ji sosai a waya, kuma maganar da zan yi ba ta waya ba ce. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ne ya koyi rawa da tsufansa.

Ranar tunawa da matattu na hau maƙabarta na kunna wa Etelka kyandir, kamar yadda kowa ya yi wa nasa. Kin san hoton tangaran ɗin nan da muka manna a dutsen kabarinta, wanda aka ɗauka ranar bikin 'yar ƙanwarta, ta tsuke baki kamar an ɗura mata magani don haushin mai hoton. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Da na dawo gida na zauna na rufe ido don in ga matata, sai hoton nan ya fito. Na buɗe na sake rufewa, shi ne dai. Jarmilka, hoton nan ya cinye min fuskarta. Ina tuna muryarta, ina tuna ƙamshin miyar kabejinta, faɗanta ma ina iya maimaita miki shi tiryan-tiryan, amma fuskar ta tafi. Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata. Matar da na tsufa tare da ita, a ce yau sai na hau tudu na duba dutse kafin in san kamanninta!

Ina da guntun itacen lipa, wanda muke sassaƙa da shi, ya bushe sarai, tun tana raye na ajiye shi. So nake in sassaƙa ta, 'yar tsana mai zare irin waɗanda muka saba. Wuƙa har yanzu tana yi min biyayya, don da zarar ta kama itace sai hannun ya nutsu. Fensir ne ya juya min baya. Ko da bai juya ba ma, me zan zana? Kin kuma san ban taɓa sa wuƙa a itace ba sai da zane a gabana.

Cikin duk waɗanda suka koyi aiki a shagona ke kika fi daɗewa a gidan nan, ke kuma ta fi so, ko da yake ba za ta taɓa faɗa miki ba. Ki zano min ita. Ɗanyen zane nake so, wanda nake kira náčrt, ku kuma da kuka je makaranta a Praha kuke lanƙwasa baki ku ce skica. Gaba da gefe, yadda na koya miki.

Maƙwabcina Vendel mai ƙudan zuma yana gaishe ki. Ya ce a tambaye ki ko har yanzu kina zurawa da gudu idan kin ji ƙugin ƙuda ɗaya.

Ki huta lafiya.
Kawunki,
Ignác

Plzeň, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Kawu Ignác, maigidana kuma malamina,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kun tashi lafiya, ina sanar da ku wasiƙarku ta iso. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ban ko cire rigar sanyi ba, na yi kuka har Radim ya fito yana tambaya wa ya mutu. Yaran sun karɓa za su karanta, yaren Slovak ɗinku na mutanen duwatsu ya gagare su, sai da na fassara musu. Mu da muka tashi lokacin da Czech da Slovak suke ƙasa ɗaya ba mu taɓa sanin harsuna biyu muke yi ba.

Kawu, ba ku san irin daɗin da na ji ba da kuka tuna da ni. Duk abin da nake ci yau daga bencinku na samo shi. Don haka ban yi wa aikin nan riƙon wasa ba. Na ajiye 'yan tsanan Kirsimeti gefe, na sa 'yarku ta cikinku ta turo min duk hotunan Inna Etelka da take da su, na jera su a allon kwamfuta, na auna tsakanin ido da ido, tsawon hanci, faɗin goshi. Sannan na zauna da fensir na fitar da ita a takarda mafi kyau da nake da ita. Ga shi nan cikin kwali, gaba da gefe. Na gyara bakin ya ɗan saki, na sa mata ɗankwalin nan mai furanni na zuwa coci. Abokan aikina sun taru a kansa, ɗaya har ya ce a kai shi gidan nuni.

Na san ɗanye kuka ce. Amma na ga bai dace in aiko muku Inna da 'yan layuka a hargitse ba, kamar wata aljanar wasan yara. Ta wuce haka a wurina.

Ku gaishe da Kawu Vendel. Ku ce masa yanzu ba na gudu, tafiya nake da sauri. Ku riƙa sa safa biyu, kuma don Allah ku bar sara itacen wuta da kanku.

Allah ya ƙara muku lafiya.
Taku har kullum,
Jarmila

Kremnica, Disamba

Jarmilka,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Kwalin ya iso lafiya, kuma na gode. Na faɗi godiyar tun da wuri don kada ki ce ban yi ba, saboda abin da zai biyo baya ba zai yi miki daɗi ba.

Na jingina zanen a kan benci, na kira Vendel ta kan shinge. Ya shigo da taɓo a takalminsa yadda ya saba. Yana ganin zanen sai ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Kai, ta yi kyau, kamar waliyyiya."

Na ce, "Vendel, tsakaninka da Allah, ka taɓa cire wa Etelka hula tana raye?"

Ya ce, "Ni? Ina na ga lokacin cire hula? Kafin in kai hannu ta riga ta fara da takalmina."

Kin ji amsarki. Matar da kika aiko min kyakkyawa ce, mai haƙuri, da ganinta ba ta taɓa jifan miji da tsumman kwanuka ba. Ban san ta ba. Hoton kabarin nan ne kika yi wa wanka kika sa masa ɗankwali. Kuma kin gama shi tsaf, kin rufe kowace ƙofa, babu inda wuƙa za ta shiga ta nemi wani abu. Wanda ya gama zane ya riga ya yanke hukunci. Ɗanyen zane kuwa tambaya yake yi, layi uku a wuri ɗaya, ko nan ne, ko nan, ko nan, sai itace ya zaɓa. Wannan na koya miki kafin ki iya wasa wuƙa.

Ko kin manta dokar shagona? Kwalbar nan da nake tara abin goge fensir ɗinku a ciki tana nan a kan taga, naki ma yana ciki, kore, duk kin cicciji gefensa. Etelka ta ɗora butar shayi a murhu, ku fara zane, buta ta yi fito, fensir ya sauka. Ba gogewa, ba aunawa, ba "Kawu saura kaɗan". Abin da ido ya riƙe shi hannu zai zubar, sauran duk ƙarya ce.

Ki kife hotunan nan. Ki kashe kwamfutar. Ki ɗora buta.

Idan ba za ki iya ba ki faɗa min, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Amma ki sani jiya na gwada tuna yadda take dariya, sai na ga baki tsuke. Abin gaba yake yi, ba baya ba.

Ki huta lafiya.
Kawunki mai baƙin hali,
Ignác

Plzeň, bayan Sabuwar Shekara

Kawu,

Ina gaishe ku, ina yi muku barka da shiga sabuwar shekara. Na san shirun ya yi yawa. Gaskiyar ita ce na ji haushi, haushi sosai. Mace da furfura a kanta, ana kiranta malama a wurin aiki, a ce an mayar da ita kan benci! Na tura wasiƙarku ƙarƙashin tukunyar fure na ce ta zauna nan. Radim ya karanta ya ce, "Tsohon nan ba shi da kunya, amma fa ban ga inda ya yi ƙarya ba." Shi ma bai ci abincin kirki ba ranar.

Lahadin da ta wuce bayan an ci abincin rana, gida ya yi tsit, na ce bari in gwada don in huta da ku. Butarmu ta lantarki ce, kafin ka feƙe fensir ta gama. Sai da na sauka wurin tsohuwar da ke ƙasanmu na aro irin tamu ta da, mai fito. Na ɗora, na zana, shirme. Na sake ɗorawa, shirme. Hoton kabarin nan ni ma ya shige min kai.

Ana cikin haka, ruwa ya fara wannan 'yar ƙarar da yake yi kafin ya tafasa, sai na ji kaina ya ɗago da kansa ya juya wajen murhu. Kawu, ba ni na ɗaga shi ba. Wuyana ne ya tuna. Duk shekarun da na yi a shagonku, idan lokaci ya fara ƙure min ba butar nake kallo ba, Inna nake kallo, don a fuskarta nake gane saura nawa. Sai ga ta nan tsaye. Ta ba ni baya, tsumma a hannu, hannun a ƙugu, ta waiwayo ta kafaɗar hagu, gira ɗaya a sama, baki a karkace tana danne dariya, wushiryar nan ta ɗan leƙo. Har na ji ta tana cewa, "Ke 'yar Czech, ni ce takardar? Kalli gabanki, ruwan nan ba zai jira ki har Ista ba."

Akwai abin da ba ku sani ba, yau zan tona mata asiri tunda ba za ku iya yi mata faɗa ba. Hunturuna na farko a gidanku na riga na ɗaure kayana zan koma gida, don kullum buta ta yi fito ban wuce zanen kunne ba. Inna ta same ni a kicin ta tura min kwanon halušky, curin dankalin nan nata, gabana, ta ce, "Ci, ki bar jiƙa min tebur da hawaye. Daga gobe idan layinki ne zan cika butar fal, da ruwan rijiya mai ƙanƙara, don ta daɗe kafin ta yi fito. Samarin can rabi nake zuba musu na cikin ɗaki. In kika bari tsohon nan ya ji, ni da ke ne." Haka ta yi ta yi min har hannuna ya yi sauri, ban ma san ranar da ta daina ba. Ba don ruwan nan ba, da yau ban san me nake yi a duniya ba. Ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba, kullum ina cewa sai na zo.

Ga zanen nan. Ba gaba ba ne, ba gefe ba ne, waiwaye ne, don haka na san ta. Hancin layi uku ne, ban goge ko ɗaya ba. Tabon da ke ƙasa shayi ne, na gefensa kuma ba shayi ba ne. Buta na yin fito na ajiye fensir.

Na gode da kuka ƙi karɓar na farkon. Ni ma ashe na kusa rasa ta ban sani ba.

Allah ya bar mana ku.
'Yarku,
Jarmila

Kremnica, Fabrairu

Jarmilka, 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Na gama. Cikin layukan hancin, itace ya zaɓi na tsakiya.

Jiya na rataye ta kusa da murhu. Vendel ya shigo bai lura ba, sai da ya kai tsakiyar ɗaki suka haɗa ido. Ya ja da baya har bakin ƙofa yana cewa, "Yi haƙuri Etelka, yanzun nan zan goge takalman." Hularsa tana kansa.

Yanzu idan na rufe ido ita nake gani, tana waiwayowa. Ban san da wane baki zan gode miki ba, don haka ki zo da bazara ki sha shayi, ki gode mata da kanki.

Maganar ruwa kuma, ke da ita kun daɗe kuna ganin kun yi wa tsoho wayo. Wa kike tsammani yake fita cikin ƙanƙara da sassafe yana jawo shi daga rijiya?

Ki huta lafiya.
Kawunki,
Ignác