Inna, Farfesa Ya Zo Neman Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mai Waina,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ina sanar da ke muna nan ƙalau, ni da jikarki Walida. Tandarki ma tana nan, gurbi ɗaya ne ya tsage, sauran suna aiki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne a nan inda jama'a za su leƙa, tunda a bainar jama'a aka yi miki abin da aka yi.

Inna, mutuminki ya dawo. Dakta mai rikoda. Yanzu Farfesa ne, ya ajiye tumbi, yana dogara sanda alhali ƙafarsa lafiya lau. Ba zan faɗi sunansa ba. Zan rufa masa asiri irin yadda ya rufa miki: wani farfesa ne ɗan Babban Giji, mai jar dara da farar mota, wanda ya yi suna a binciken ƙanjamau. Kin ga ai ba wanda zai gane shi.

Zai ajiye aiki, ɗalibansa suna ta yaɗa hotonsa a waya, suna kirarin yawan takardun da ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace su. Walida, da yake tana jami'a, ita ta warware min. Ta ce, "Umma, in wani mai bincike ya kawo sunan takardarka a cikin tasa, sai a ƙirga maka ɗaya. Wanda aka fi ambata shi ne babba." Na ce to, a cikin nasa wacce aka fi ambata? Ta duba ta duba, sai ta juyo min da wayar. Wadda ya cika da maganganunki ce, Inna. Turawan da ba su san inda Kano ta fuskanta ba suna ta kwasar kalmominki suna sakawa a nasu, shi kuma ana ƙara masa girma.

Kin tuna lokacin. Soja sun koma bariki, 'yan siyasa sun cika gari da fastoci, ƙungiyoyin waje sun shigo da manyan motoci suna neman masu ciwo kamar ana neman kayan miya. Baba ya rasu bayan doguwar jinya, keken ɗinkinsa a rufe da zani. Ke ma kika fara rama. Kika je asibiti a Tarauni aka gaya miki ƙanjamau ne, kika dawo kika jiƙa shinkafar gobe. Ni kaɗai kika gaya wa, ina aji huɗu a sakandare, kika ce, "Wannan tsakanina da ke da Allah."

A layin asibitin ya same ki. Saurayi ne a lokacin, siriri, bakinsa kamar zuma. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ki. Ya riƙa zuwa gida da yamma, ya zauna a zaure ya kunna rikoda, ke kina daga bayan labule kina ba shi abin da ba ki taɓa ba 'yan uwanki ba. Ya rantse miki ba zai sa sunanki ba. Kuma bai sa ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba.

Amma Inna, wa ya san sunanki a Gyaɗi-Gyaɗi? Da aure aka kawo ki daga ƙauye. Baba bai taɓa kiran sunanki ba, sai dai ya ce "Ke". Ni na ce Inna. Maƙwabta suka ce Maman Binta, masu saye suka ce Mai Waina. Sunan yankanki a ƙauye kika baro shi. Shi ne wannan masanin, ɗan Kano haifaffen Kano, ya cire abin da ba wanda ya sani, ya bar wanda kowa ya sani.

Da takardar ta tsaya a Turanci can a ƙasar waje, da sauƙi. Sai aka gayyace shi rediyo. Muna tsakar gida kina tankaɗe, muka ji muryarsa yana cewa cutar nan fa tana cikinmu, ya san wata baiwar Allah, ba zai faɗi sunanta ba, mijinta tela ne ya rasu, 'yarta ɗaya, tana soya waina a bakin famfon Gyaɗi-Gyaɗi. Har da ƙarawa, wai wataƙila mai sauraro ma a wajenta ya karya yau. Rariyar ta tsaya a hannunki. Ta katanga muka ji an ƙara muryar rediyon gidan Hajiya Tabawa, maƙwabciyarmu.

Washegari kika hura wuta kamar kullum. 'Yan acaɓan da ke yin layi da sassafe suka riƙa wucewa suna kallon gabansu. Leburorin da kike yi wa gyara suka koma wajen mai ƙosai. Hajiya Tabawa ta aiko a karɓo mata kwanonta da ke wajenmu, daga baya muka gan shi a bola. Kika soye ƙullun nan tas, wainar ta huce a gabanki, muka dawo da ita gida. Kwana da kwanaki haka, har almajiran da ba sa ƙin komai aka hana su karɓa.

Abu ɗaya kika roƙe shi. Ba ki ce ya koma rediyo ya janye ba, kin san magana ba ta komawa. Kika aike ni ofishinsa da saƙo: "Ki ce da Dakta ya zo da safe ya zauna a bencina ya ci waina biyu mutane suna gani. Shi likita ne, in ya ci za su ci." Ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai kimiyya ta tabbatar ba a ɗauka ta abinci, shi da kansa ya rubuta haka. Ya ce zai zo in sha Allahu, da zarar ya dawo daga taron da zai je gabatar da takardar. A hanyar gida na tuna, duk zuwan da yake yi kina ɗaura masa waina a leda, ban taɓa ganin ya kai baki ba. Direba yake miƙa wa.

Kin daɗe kina share bencin nan da safe. Wata rana kika ce, "Binta, shigar da shi ciki, rana na cinye shi." Ba ki ƙara tambayar Dakta ba.

Ba na raina ilimi, Inna. Ilimi ne ya kawo maganin da yanzu ake bayarwa, mata irinki suna sha suna aurar da 'ya'yansu, suna ganin jikoki. Da kin ƙara 'yan shekaru da kin riske shi. Abin da na raina shi ne mutumin da ya iya rubuta gaskiya da Turanci don a tafa masa, ya kasa tauna ta a bakin famfo. Ciwon yana cin jikinki a hankali, amma zaman ɗaki da rashin mai sallama su suka gaggauta miki. Ranar da aka fitar da ke, matan da suka shigo gaisuwa ko ruwan gidanmu ba su sha ba.

Bayan na yi aure na haifi mace, na mayar mata da sunanki, muke kiranta Walida. Da aurena ya ƙare na dawo gida, na wanke tandarki na koma bakin famfo. An daɗe kafin a saba. Tsofaffin suka mutu, baƙi suka cika unguwa, 'yan adaidaita sahu suka maye gurbin 'yan acaɓa. Yau har layi ake yi, jikokin Hajiya Tabawa ma a nan suke karyawa.

To shekaranjiya da safe sai ga farar mota. Ya fito da ɗalibai biyu, ɗaya riƙe da kyamara. Ashe za a haɗa takardunsa a littafi guda don bikin ajiye aikinsa, yana so ya sadaukar da shi gare ki. Cikakken sunanki da unguwarki a shafin farko, wai zamani ya canza, yanzu karramawa ce. Sai dai fa ya manta sunan. Ya zaga unguwa yana tambaya, duk wanda ya tuna ki sai ya ce masa Mai Waina. Shekara da shekaru yana cin abinci da bakinki, bai riƙe ko harafin farko ba.

Damuwata, Inna, ba don ke kaɗai ba ce. Sunan nan yanzu yana da mai shi. Shi ne a takardun makarantar Walida, shi za a faɗa ranar ɗaurin aurenta. In ya shiga littafin nan tare da Gyaɗi-Gyaɗi, duk mai waya zai lalubo shi, kuma na san abin da mutanenmu ke yi da rabin labari.

Ana cikin haka ta fito za ta tafi makaranta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "'Yan mata, ya sunanki?" Ta ce, "Walida." Ko yaron goye a garin nan ya san in an ce Walida, sunan uwar wani aka ɓoye. Abin da ya zo nema yana tsaye a gabansa da jaka a kafaɗa. Ya ce, "Masha Allah, a dage da karatu," ya juyo gare ni yana gyara wa mai kyamara tsayuwa.

Na jawo bencinki na kaɗe. Na kwashe waina biyu masu zafi daga tandarki, na zuba miyar taushe, na ajiye a gabansa. Mutanen layi suna kallo. Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙon Inna ne, tun wancan lokacin yake jiranka. Ci, sai mu yi maganar suna." Ya dubi kwanon, ya dubi tandar. Ya tambaya ko ita ce dai ta da. Na ce ita ce. Ya yi 'yar dariya, ya taɓa ciki, ya ce likita ya hana shi maiƙo, amma a ɗaura masa a leda.

Ban ɗaura ba. Wani ɗan adaidaita da ke bayansa ya ce, "Hajiya, in Alhaji ba ya ci miƙo nan, sauri nake." Ya cinye a tsaye, ya suɗe hannu, ya biya ya tafi. Farfesa ya ƙara tambayar sunan, na ce masa sunanta Mai Waina, ya rubuta haka in yana so, ai da shi ya san ki. Ya shiga mota.

Ko da ya ci, Inna, ba zan ba shi sunan ba, ke ma kin sani. So na yi in gani ko shekarun nan sun koya masa wani abu bayan ƙirga.

Innata, ki huta. Sun ɗauki muryarki, sun ɗauki kukanki, sun raba wa duniya ana ta ambato. Abu ɗaya ya rage da ba su samu ba, kuma yana nan lafiya, kullum da safe yana fita da hijabi ya tafi makaranta. Ina kewarki, musamman in ƙullu ya tashi da kyau ba wanda zan nuna wa.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya, Ya ba masu ɗauke da wannan ciwo lafiya da maƙwabta na gari. Shi da Ya san sunanki tun kafin a raɗa miki, Ya kira ki da shi a cikin bayinSa na ƙwarai. Amin.

Taki har mu tarar da ke,
Maman Walida, bakin famfo.